Manjon da Ya Kasa Dangana

Sharhinmu na yau ya shafi wani gajeren labari na marubucin Amurka Ernest Hemingway mai suna "In Another Country", wanda ya fito a 1927.

Labarin yaƙi ne, amma ba a harba ko harsashi ɗaya a cikinsa ba. A birnin Milan na Italiya yake, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda wasu hafsoshin soja da suka ji rauni suke zuwa asibiti kullum da yamma, ana ɗora su a kan na'urorin motsa gaɓoɓi. Hemingway ya san wurin, domin shi ma an raunata shi a Italiya a 1918 yana aiki da ƙungiyar Red Cross, kuma a Milan ya yi jinya.

Mai ba da labarin Ba'amurke ne, baƙo ta kowace fuska. Talakawan unguwa suna tsanar shi da abokansa don su hafsoshi ne. Abokansa Italiyawa kuwa, da suka gane cewa lambar yabonsa ta zama Ba'amurke ce kawai, ba ta jarumta ba, sai suka ɗan ja baya da shi. Wanda ya ci gaba da zama abokinsa shi ne yaron da aka lalata wa fuska cikin awa guda da isarsa fagen fama, mai ɗaure fuska da baƙin hankici.

Amma ni wani manjo da ke cikin masu jinyar ne ya tsaya mini a rai. Kafin yaƙi babu kamarsa a wasan takobi a duk Italiya, yanzu hannunsa ya shanye ya koma kamar na jariri. Bai yarda na'urar za ta warkar da shi ba, ya kuma faɗi haka, duk da haka ba ya fashin zuwa. Yana zaune ƙyam, yana gyara wa Ba'amurken nahawu. Wata rana ya fusata, ya ce kada namiji ya yi aure, don kada ya mallaki abin da zai rasa. Ashe matarsa ce ta rasu. Yarinya ce ƙarama, ciwon huhu ya ɗauke ta cikin 'yan kwanaki, kuma sai da aka sallame shi daga yaƙi ya aure ta. Shi ake jin tsoron ya mutu, ita ta riga shi.

Daga baya manjon ya zo ya ba Ba'amurken haƙuri, ya ce ya kasa dangana, hawaye suna zuba, ya fita kai a miƙe. Wasu masu nazari suna ɗaukar kukan nan a matsayin karyewar dauriyarsa. Ban yarda ba. Bayan kwana uku ya dawo da baƙin ƙyalle a hannun riga, ya zauna a kan na'urar da bai yi imani da ita ba, bai ko kula hotunan hannuwan da likita ya ce sun warke ba. Mutumin da ya rasa hannu da sana'a da mata, ba shi da wani fata, ya ci gaba da zuwa a kan lokaci, wannan bai karye ba.

Ina kira ga marubutanmu da malaman adabi su mayar da labarin nan Hausa. Shafukansa kaɗan ne, kuma muna da sojojin da suka dawo daga daji da raunuka, waɗanda za su gane manjon nan tun kafin a gama karanta musu.