Dajin fadamar Haɗeja: ba gatari kaɗai ke kashe shi ba

Idan ana zancen ƙarewar dazuzzuka, hankalin mutane kan tafi kurmin Amazon ko na Kwango, ko ɗan abin da ya rage a Kuros Riba. Alhali nan Arewa muna da namu dajin da ruwa ke rayawa, kuma yana ƙarewa muna ji muna gani. Shi ne dajin fadamar Haɗeja, wanda ya taso daga wajen Auyo ya bi ta Kirikasamma da Guri har ya shiga Nguru da ƙasar Bade a Jihar Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke rarrabuwa su sake haɗuwa kafin su nufi Tafkin Cadi. A nan ne giyayya da bagaruwa ke tsayawa cikin ruwa a ƙarshen damina, kanya da tsamiya suna kan tudu, goriba kuwa duk inda ka waiga.

Baƙo zai ce itatuwa ne kawai, amma mutanen wurin sun san dukiya ce. Ƙananan kifaye a cikin saiwoyin giyayya suke fakewa su girma kafin ruwa ya janye. Da 'ya'yan bagaruwa majema ke jeme fata. Makiyayi da rani ya kora daga jigawa nan yake samun ganye da inuwa. Ita kuwa goriba, babu abin yarwa a jikinta: a ci ɗanta, a yi rufi da gangar jikinta, kabarta kuma ita ce jarin dubban mata masu saƙa tabarma da igiya. Sai dai duk wanda ya ratsa yankin ya ga yadda take komawa baya. Ana yanke kabar tun tana ƙasa, ta toho a sake yankewa, har ta haƙura da yin tsawo. Fili guda za ka gani cike da gajerun kaba, babu ko ɗaya da aka bari ta zama uwa ta yi 'ya'ya.

Laifin gatari a bayyane yake, ba ma kuma rage masa komai. An daɗe ana lodin itacen girki daga wannan yanki zuwa Kano da sauran birane, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi. Mai ƙona gawayi ba ya neman busasshen reshe. Ɗanyen itace mai nauyi yake kayarwa, ya daddatsa, ya binne da ƙasa ya sa wuta, ya bar tulin yana hayaƙi kwana da kwanaki. Gwamnatin Jigawa ta sanar da hana sare itatuwa don wannan sana'a, muna kuma goyon bayanta. Amma ko da yau aka ƙwace kowane gatari a masarautar Haɗeja, dajin zai ci gaba da mutuwa, domin abin da ya fi yi masa illa daga saman kogi yake gangarowa.

Wannan daji da ambaliyar shekara-shekara ya saba: ruwa ya zo ya kwanta wata biyu ko uku, ya jiƙa ƙasa har can ciki, ya cika rijiyoyi, sannan ya tafi. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai wannan tsari ya rikice. A shekarun 1960 ruwan kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba, kodayake fari ma ya ba da nasa kason. Inda ruwa ya daina zuwa, na ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, itatuwa suka bushe a tsaye, mai gatari ya zo ya tarar da aikinsa a gama.

Ɗaya ɓangaren ya fi ban takaici. Ruwan da ake saki daga madatsun da rani don noman ban-ruwa ya hana wasu rassan kogin bushewa kamar yadda suka saba. Wannan ne ya ba ciyawar kacala gindin zama. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a saiwoyinta, ruwa ya rasa mafita ya kwanta wuri ɗaya shekara da shekaru. Bagaruwa tana jure ruwan 'yan watanni, amma ba ta jure wanda ba ya tafiya. Haka aka wayi gari wani gefen fadamar ƙishi ke kashe shi, wani gefen kuma nutsewa. Manoma sun rasa gonaki, masunta sun rasa hanyar kwalekwale, tsuntsayen jan-baki sun sami maɓoya suna fitowa su cinye shinkafa. In damina ta yi ƙarfi kuma, kamar a 2020 da 2022, ruwan da kacala ta tare cikin garuruwa yake juyawa. Mutanen Haɗeja ba su manta da dararen da matasa suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga ba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke bayarwa ta noma da su da itacen girki, suka gano cewa ruwan da aka bari ya malala cikinta ya fi wanda aka karkata zuwa aikin ban-ruwa na kogin Kano riba nesa ba kusa ba. Ba muna cewa a rushe Tiga ba ne. Kano na shan ruwanta, manoman Kura da Kadawa na ci da ita. Abin da muke cewa shi ne Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta sa fadama cikin lissafinta a matsayin mai haƙƙi: a riƙa sakin ruwa da yawa a lokacin da kogi ya saba cika, a rage shi da rani don rassan su bushe, a kuma sanar da na ƙasa kafin a buɗe. Duk mai son farfaɗo da aikin madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana kawo ambaliya yadda Allah ya tsara ta, ya fara zuwa Guri ya ga abin da Tiga da Challawa suka bari.

Ta fuskar suna, yankin bai rasa komai ba. Dausayin Baturiya da ke cikinsa ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade cikin wuraren da take karewa, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dausayin Haɗeja gandun ƙasa. Tsoronmu shi ne a fassara wannan da kora da tara kawai. Talakan da aka raba da daji ba ya tsaronsa, sai ma ya yi sauri ya sare kafin wani ya riga shi.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada wata hanya. Tun shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, su zaɓi mai ƙarfi su rage sauran, abin da suke kira sassaben zamani. Bai yaɗu sosai ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Yau ana ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, akasari ba da dashe ba. Saiwoyin goriba da bagaruwa suna nan da rai a ƙarƙashin fadamar Haɗeja, kuma rainon su ya fi bikin dashen itatuwa na shekara-shekara arha da tabbas.

Don haka muke kira ga Gwamna Umar Namadi, wanda ɗan masarautar ne, da Mai Martaba Sarkin Haɗeja, su zaunar da dagatai da sarakunan ruwa da ardon Fulani da mata masu kaba, a yanka wa kowane gari yankin dajinsa a rubuce, da ikon hutar da wani sashe da hana baƙon gatari shiga. Kuɗin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da na Babbar Ganuwar Itatuwa su tafi wurin yashe hanyoyin ruwa da biyan waɗanda ke rainon toho, a riƙa biya bisa itacen da ya rayu bayan shekara uku, ba wanda aka dasa ranar taro ba.