Zauren Adabi: Inda Ɗango Ya Tsaya

A Maiwurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, yaro kan tashi tsakanin waƙa iri biyu. Ta wa'azi da ajami, kari da amsa-amo ke nuna ƙarshen ɗangonta, ko ba a ga takarda ba. Sakakkiyar waƙar Larabci kuwa, wadda Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab suka buɗe wa hanya a Iraƙi a 1947, ɗangonta kan yi tsawo, kan kuma gajarta har ya zama kalma guda. Farin filin da mawaƙi ya bari shi ke nuna inda za a numfasa, da kalmar da za a nauyaya.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba iyalai da yawa na Jazira da gidajensu da littattafansu. Mai kwafe waƙa a waya, ka kiyaye: tsohuwar in aka jera ta kamar wasiƙa, kunne zai mayar da ita, sabuwar kuwa sai ta koma zube. Ka tsaya inda mawaƙi ya tsaya, domin amana ce. Wassalam.