Wa ke noman gonar marayu?



Yau za mu taɓo maganar da kowa ya sani amma ba a son faɗinta da ƙarfi. Mutum ya rasu, an yi zaman makoki, an watse. Kafin ruwan shuka ya sauka, sai ƙanen mamaci ko wansa ya ce shi zai riƙe gona har yara su girma. Shekarar fari ya aiko da dami goma. Ta biyu, tiya kaɗan. Ranar da yaran sunka kai noma, sai a ce musu ai gonar kakanni ce. In ko fadama ce mai rake da rogo, inda kuɗi ke fita, ko shekarar farin ma ba a jira.

Geceme gari ne mai masallatai da majami'u, har da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, don haka bari mu duba abin da littafin ya ce. A Fitowa 22, aya 22 zuwa 24, Allah ya hana zaluntar matar mamaci da maraya, ya ce shi da kansa zai ji kukansu, kuma mai zaluncin nasa ƴaƴan za su zama marayu. Magana ce mai nauyi ƙwarai. Karin Magana 23:10 ta fi kusa da mu manoma, don sunan abin ta kira: kada a gusa tsohuwar iyaka, kada a shiga gonar marayu. Kubawar Shari'a 24 ta ce damin da anka manta a gona a bar musu shi, wato kala. To amma mu mun riƙe kalar mun saki gonar. Buhun hatsi da turmin atamfa a lokacin Nowel abu ne mai kyau, sai dai ba ya maida fadamar da anka ƙwace.

Ƴan'uwa Musulmi ma ba su da mafaka a nan. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kamanta cin dukiyar maraya da cin wuta, kuma tumunin takaba haƙƙin mace ne.

Mun san hujjar dangi: in ta sake aure fa, gona ta faɗa hannun bare? Tsoro ne na gaskiya, kuma akwai baffannin da ke riƙon amana tsakani da Allah. Amma maganin tsoron ga takarda ce da sunan yaran. Dokar karkara ta 1993, wadda muka fi sani da Code rural, ta ba mace da namiji dama ɗaya kan ƙasar noma, ita ce kuma tushen kwamitocin Cofo, tun daga na ƙauye da mai gari ke shugabanta har na meri. Tunda har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, kotu al'ada take dubawa a sha'anin gado, al'ada kuwa bakin mai ƙarfi take bi in babu rubutu.

A Ayyukan Manzanni sura 6, da anka yi ƙorafin ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum bakwai anka zaɓa su tsaya kan aikin. Abin da muke nema ke nan ga pastoci, limamai da masu gari: tun dangi ba su watse ba, a fita a taka iyakar gona gaban matar da shaidu, a rubuta wa ya riƙe, dami nawa zai ba da, kuma sai yaushe. Wasu za su ce abin kunya ne a yi maganar gona ana cikin kuka. Mu dai mun ga matar ce kaɗai ake sa wa wannan kunya, ƙanen miji tuni ya wasa haiwarsa.