Iyakar Maraɗi da Katsina: manya na iya ɓatawa, mu ba mu da wurin zuwa

Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance, tare da Mali da Burkina Faso, ƙawayenta na AES. Najeriya kuwa tana ciki. A Yamai da Abuja wannan magana ce ta takardu da taruka. A nan Safo magana ce ta farashin tiyar hatsi, da hanyar zuwa biki a Jibiya, da ko mutum zai kwana da shanunsa a garke.

Mun ga abin da rufe iyaka ke yi har sau biyu cikin shekara biyar. Shugaba Buhari ya rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa da sunan takunkumi, har wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Katsina aka yanke, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Wa ya ji a jikinsa? Mai wake da mai aya da suka rasa masu saye, direban da motarsa ta tsaya a Ɗan Isa, mai ɗinki da mai walda a Maraɗi. Can ƙetare ma kasuwar Jibiya ta yi sanyi. Fasa-ƙwauri kuwa bai tsaya ba ko na kwana ɗaya, sai dai kuɗin ɗan babur da ya ninka, talaka ya biya.

Su ma ɓarayin daji ba su taɓa tambayar laissez-passer ba. Masu satar mutane da shanu da suka addabi ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa da Safo suna shiga suna fita ta dajin da ya haɗa mu da Katsina da Zamfara. Soja ya bi su har bakin iyaka, sai ya ja birki, su kuma su wuce. A 2019 gwamnonin Katsina da Zamfara da Sakkwato sun zo Maraɗi sun zauna da gwamnanmu kan wannan matsala, kuma a shekarar ce dubban 'yan gudun hijira suka kwararo yankin Gidan Rumji, mutanenmu suka raba ɗaki da rumbu da su. Irin wannan zaman ne ya yi ƙaranci tun 2023. A ganinmu wannan ita ce asara mafi girma, domin in jami'an tsaron ɓangarorin biyu ba sa kiran juna a waya, ɗan bindiga ne ke cin riba.

Akwai wasu mutane can nesa da labarinsu ya yi kama da namu: mutanen tsibiran Karibiyan, mafi yawansu jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Turawa sun rarraba su, wannan na Ingilishi, wancan na Faransanci ko Sifananci, kamar yadda aka ce mu Faransanci, 'yan uwanmu na Katsina Ingilishi. A 1958 tsibiran da Ingila ke mulka suka kafa tarayya guda. Ba ta kai shekara biyar ba ta rushe a 1962, bayan Jamaika ta kaɗa ƙuri'ar ficewa. To amma jami'ar da suka yi tarayya a kanta ba ta mutu ba, kuma a 1973 suka dawo suka kafa ƙungiyar CARICOM, suka fara daga kasuwanci. Daga baya har Haiti mai Faransanci ta shiga. Har gobe suna cece-ku-ce, sai dai in guguwar teku ta taso ba ta zaɓar tuta, shi ya sa suke da hukumar agaji guda. Babban gini ya faɗi, ƙananan ayyukan da mutane ke amfana da su kullum ne suka riƙe zumuncin.

Mu ma muna da irin waɗannan, mantawa muke yi da su. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, ofishinta na Yamai, kuma ba ta rataye a wuyan CEDEAO ba. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan raba ruwan kogunan da muka yi tarayya, Gulbin Maraɗi na ciki. Wannan gulbi daga Najeriya yake tasowa, ya ratsa madatsar Jibiya, ya shigo mana, sannan ya sake komawa Najeriya wajen Sakkwato. Duk mai garka a fadama ya san abin da sakin ruwa ko riƙe shi ke nufi ga zogale da tumatirinsa. Manoman rani na da haƙƙin a sanar da su lokacin sakin ruwa, kuma wannan ba ya buƙatar taron shugabannin ƙasa. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, kimanin kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Ranar da ya iso, ba a Abuja zai sauke kaya ba.

Ba mu ce babu dalilin fushi ba. Wanda ya kwana cikin duhu da tsadar magani a 2023 bai manta ba, kuma a Disamban 2024 Janar Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Najeriya ta musanta. Amma a Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré. In manya sun iya zama, me zai hana ƙanana? Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake kiransa, gidan ɗaya ne. Hakimai da masu gari na Madarunfa da na Jibiya, shugabannin 'yan kasuwa da na makiyaya, suna iya zama a kai a kai kan shanun sata da aka gani a kasuwa, da hanyoyin da suka lalace, da tsinuwar shingayen karɓar kuɗi.

'Yan uwa da ke Kano, Legas, Agadas, Libiya da sauran wurare, ku da ke turo kuɗin taki da na makaranta, wannan magana ta shafe ku. Ƙungiyoyinku na 'yan gari suna da murya wajen hukuma fiye da yadda kuke zato. Ku tambaye su yaushe za a yi zama na gaba tsakanin Maraɗi da Katsina, kuma wa zai wakilci manoman gulbi a wurin.