Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Na san da yawanku ci gaban labari kuke jira, ku yi mini afuwa, yau wata magana ce ta tokare mini maƙoshi tun daminar 2022, na ga in ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi mini gudu ba.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A ɗaya daga cikin littattafaina na farko akwai wurin da ango ya ɗauki amaryarsa suka tafi Dubai cin amarci, ya sa ta a wani farin jirgin ruwa na alfarma mai hawa uku, iska tana kaɗa mata mayafi, shi kuma yana zuba mata kalamai. Wasiƙun da na samu a kan wannan shafi sun fi na kowane shafi yawa. To wallahi a kan tabarma na rubuta shi a nan Aujara, da fitilar ƙwai, kuma a lokacin ko kwalekwale ban taɓa taka ƙafata a ciki ba. A fim ɗin Indiya na gano jirgin. A wurina a wancan zamani jirgin ruwa iri biyu ne kawai: na masu kuɗi da ake hawa don a nuna isa, da na talaka da ake hawa don babu yadda za a yi.

Bayan wasu shekaru biki ya kai ni Legas. Muna cikin cunkoson motoci a kan gada wajen Onikan sai na hango wasu ƙananan jirage a kan ruwa, babu inji babu hayaƙi, kowanne an kafa masa dogon sanda an ɗaura farin ƙyalle, iska ce kawai take tafiya da su. Na tambayi ƙanina da ke tuƙa mu ina waɗannan za su. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, babu inda za su. Wasa suke yi. 'Yan Lagos Yacht Club ne, tun 1932 kulob ɗin yake nan." Na taɓe baki na ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Mutum da hankalinsa ya shiga ruwa ba kifi zai kamo ba, ba kasuwa za shi ba?

Wannan maganar tawa ce nake so in janye yau a gabanku.

A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki, aka yi mana rasuwa a wani ƙauye can ɓangaren fadama, wajen su Harbo. Ruwa ya cinye hanya, ba mota ba babur, sai fito. Na tafi da babban ɗana, lokacin yana da shekara goma sha huɗu. Da muka isa bakin ruwa na ga abin da za mu shiga, gabana ya yanke ya faɗi. Kwalekwalen katako ne, an loda masa buhunan hatsi, babur guda, akuya biyu, sannan mu mutane mun kusa ashirin, yawancinmu mata masu goyo da tsofaffi. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Babu wanda ya ce uffan, don kowa ya san in ya sauka sai ya jira wani sawun, kuma rana ta yi sanyi.

Mun kai tsakiya, inda da gonar dawa ce amma yanzu kan karan kawai ake gani, sai akuya ɗaya ta zabura. Wata baiwar Allah da ke kusa da ita ta miƙe tsaye da salati. Jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, nan take mata uku suka ruga ɗaya gefen, ya sake karkata can. Mai fito ya daka tsawa, "Ku zauna! Don girman Allah kowa ya zauna a inda yake!" Ni kuwa na riga na ɗago, na cafki wuyan rigar tsohuwar da ke gabana, ban ma san na yi ba. Sai na ji an fizgo ni ƙasa. Ɗana ne. Ya ce, "Umma, zauna a ƙasan jirgin, ki sake ta. In ya kife ki riƙe katakon, kar ki riƙe mutum." Ya ciro kwanon da ke cikin kayanmu ya shiga kwarfe ruwa shi da yaron mai fito. Muryarsa ko rawa ba ta yi.

Allah Ya ƙaddara da sauran kwananmu, muka fita. Da muka taka tudu ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a cikin taɓo da atamfata. Can na dube shi na ce, "Kai, a ina ka san wannan?" Ya sunkuyar da kai. Ashe duk dukan da na yi masa a kan zuwa kududdufi, har da ranar da na karya masa tsumagiya biyu a jiki, bai hana shi ba. Ya iya iyo tun yana ɗan shekara tara, a ɓoye, wurin wasu 'ya'yan masunta da suke aji ɗaya. A cikin mu kusan ashirin, mutum uku ne kacal za su iya fitar da kansu da jirgin ya kife: mai fito, yaronsa, da yaron da na daka don kada ya koya.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wasan nan da na raina a Legas, ɗan nawa yana nemo mini hotunansu a waya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba da manyan jiragen da muke sakawa a littattafai ake farawa ba. Akwai wani ɗan mitsitsin jirgi da ake kira Optimist, tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, kamannin akwatin lefe gare shi. Wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills ne ya tsara shi a 1947 a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka, kuma da gangan ya yi shi yadda uba zai iya haɗa wa ɗansa da falankin katako mai araha. Yara ne suke tuƙa shi, har zuwa shekara goma sha biyar, kowane yaro shi kaɗai a nasa. Da yawa daga cikin masu tseren jirage a gasar Olamfik da shi suka fara. A nan yaro yake koyon karanta iska, ya san daga ina take busowa, ya san cewa ko tana gabansa zai iya isa inda yake so in ya riƙa yankar ta dama da hagu kamar mai hawan tudu da kaya. Akwai wani allo da ake zurawa ta ƙasan jirgin, shi yake hana iska ta tura shi gefe.

Amma ba wannan ne ya sa na yi shiru ba. Cikin darussan farko da ake ba yaron, sanye da rigar kariya, malami yana kusa, sai a ce ya kifar da jirgin da hannunsa. Ya faɗa ruwa, ya sha, ya firgita, ya riƙe jirgin, ya juyo da shi, ya hau, ya kwarfe ruwan. A sake. A sake. Har sai kifewar jirgi ta daina zama ƙarshen duniya a zuciyarsa. Wato abin da ya kusa halaka mu a fadama, firgita da miƙewa tsaye da cakumar juna, shi ake cire wa yaro tun yana ƙarami, kuma da sunan wasa.

Mu kuwa yaushe muke haɗuwa da ruwa? Ranar da gada ta karye. Ranar kasuwa, jirgi ya yi lodin da ya fi ƙarfinsa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai a jihar Kano, cike da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, ya kife, aka tsamo gawa 29, yawancinsu yara. A watan Mayun shekarar ma an yi wanda ya fi shi muni a kogin Neja kusa da Wara a jihar Kebbi. Duk lokacin da aka yi sai mu yi ta'aziyya, a zagi mai jirgi, a yi kira ga gwamnati, a ɗan hana fito na kwana biyu. Lodin wuce kima laifi ne, rashin rigar kariya laifi ne, ban musa ba. Sai dai akwai laifin da yake namu na iyaye wanda ba ma son a taɓo: mun haifi 'ya'ya a ƙasar da kogin Haɗeja yake cika ya batse kusan duk damina, mun kuma yi rantsuwa ba za su san ruwa ba.

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma na faɗe shi. Za a ce ana fama da abin sawa a baki wa yake ta wasan jirgi. To ina tambaya, doki fa? Wane ne ya taɓa cewa hawan Sallah a Dutse almubazzaranci ne, ko ya hana saurayi kilisa da yamma? Dawakin nan ba noma suke ba, ba kaya suke ɗauka ba, amma da wannan wasan ne aka samu mahaya waɗanda doki ba ya kayar da su. Kuma ba baƙon abu ne nake kawowa ba. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ba su kaɗai ake yi a Matan Fada ba. Akwai kabanci: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa da hannu. A Yawuri akwai bikin Rigata. Hausawa ne 'yan uwanmu, ruwa ne filin wasansu. Ko jirgin iskan ma ba mu ne farkon jin labarinsa ba, domin alhazan da, masu tafiya a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, da yawansu a irin waɗannan jirage masu ƙyalle suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda.

Za a kuma ce kududdufi yana cin yara, yana sa tsargiya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa na yi dukan da na yi. Amma dukan nawa bai raba ɗana da kududdufi ba, raba shi ya yi da idon babba. Da ya nutse a lokacin da yake koyo, babu wanda zai sani sai an ga takalmansa a baki. A Bangaladash, ƙasar Musulmi ce mai fama da ambaliya fiye da tamu, ba su jira an gina musu wuraren wanka na zamani ba. Kududdufan ƙauye suke kafa wa shinge da dakali na gora, a auna zurfin, a sa wanda aka horar ya koya wa yara iyo rukuni-rukuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma koya wa yara 'yan makaranta iyo yana cikin manyan abubuwan da take ba da shawara a kai.

Mu da muke da dam ɗin Warwade a gefen Dutse, da na Muhammadu Ayuba a Kazaure, ga Tiga can a Kano, me zai hana da rani, lokacin da ruwa ya kwanta, makarantu su riƙa kai yara? Malaman ma muna da su, su ne Sarkin Ruwa da masuntansa, waɗanda ba ma tunawa da su sai ranar neman gawa. Ban ce lallai sai an kafa ƙyalle ba, ko da yake iskar hunturu da ke ɗauke mana shanya za ta iya tura ɗan jirgi sarai, kuma kafintan da ya iya haɗa gadon amarya ba zai gagara haɗa akwatin nan na Clark Mills ba. Kwalekwale biyu da rigunan kariya goma sun isa a fara. In an saba, a sa tsere tsakanin garuruwa bayan kaka, a ga ko samari ba za su bar majalisa su zo ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, ta 'ya'ya mata. Namiji ko an hana shi zai saci jiki ya koya, kamar nawa. Mace fa? Ita ce mai zani da hijabi da goyo a baya, ita ce kuma ta fi yawa a jirgin zuwa biki da ta'aziyya da awo. Sutura ba hujja ba ce ta barin ta a haka, tunda ana iya kewaye wuri da zana, mata su koya wa mata, kamar yadda ungozoma mace ce kuma babu wanda ya ce a daina haihuwa. Akwai ma maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar ta umarnin a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki, malamai suna karanta mana ita, mu kuma muka ɗauki dokin muka bar iyon.

Ku kuma 'yan uwana marubuta, da ku nake. Littattafanmu sun koya wa 'yan mata girki da kwalliya, sun sa iyaye da dama sun bar 'ya'yansu sun gama sakandare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku duba, in ruwa ya shigo labarinmu, ko dai jirgin Dubai ne irin nawa, ko aljanar kogi, ko kishiya ta jefa laya a rijiya. Ni dai a labarin da nake kan rubutawa, jarumar 'yar masunta ce, kuma ita za ta tsamo saurayin, ba shi zai tsamo ta ba. Wanda ransa ya ɓaci ya rubuto mini.

Bayan dawowarmu daga ta'aziyyar nan na sa ƙanina ya aiko mini da rigunan kariya biyu daga Legas, suna nan rataye a bayan ƙofa kusa da lema, maƙwabta suna ta yi mini dariya. Na kuma kira ɗana na ba shi haƙuri a kan tsumagiyar, abin da ban taɓa zaton bakina zai iya ba. Na ce ina so ya koya wa ƙannensa, har da matan, in mun sami wuri mai tsabta da babban da zai tsaya a kansu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Umma, ke fa?" Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ina da shekara arba'in da ɗoriya zan shiga ruwa ina fantsama kamar agwagwa? Ya fita yana dariya. Damina ta zo ta wuce tun daga lokacin ba sau ɗaya ba, kuma har yau bai daina yi mini tambayar ba.