Mai gudu shi kaɗai ba ya nisa: mu daina yi ma ƴan motsa jikin asuba dariya



Yau maganar ƴan gudun asuba za mu yi. Duk mai fita bayan sallar asuba, musamman ran Asabar da Lahadi, ya san su. Wasu bisa gudron hanyar Tibiri, wasu sun yi kudu wajen Jiratawa, wasu suna zagaya filin balo na unguwa, wasu kuma bisa keke. A cikinsu akwai ɗan lakkwal, akwai ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, akwai tela da ɗan kabu-kabu, akwai ma'aikacin da likita ya ce mishi ya rage tumbi. Ba mai biyan su ko dala, ba kofin da ke jiran su a ƙarshen hanya. Abin da suka fi samu daga bakin mutane shi ne: "Wa ya koro ku?" ko kuma "Lalle an ƙoshi."

Ra'ayina a nan shi ne, mutanen nan aiki suke yi wanda garin ga ke bukata, kuma zumuncin da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin ƙafarsu muhimmanci. In mun gane haka, za mu daina dariya, mu kama musu.

Akwai wani wasa da ake ce ma tiriyatalon, wato wasa uku a jere ba hutu: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. An fara shi a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. A ma'aunin Olamfik, iyo na mita 1,500 ne, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Don ku auna da gida: gudun ya kusa kai mutum Tibiri daga Maraɗi, keken kuwa kamar ka je Tibiri ka dawo ne, ka zarce Jiratawa ka sake dawowa. Galibin masu yin wasan nan a duniya ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne, masu shago, ma'aikatan asibiti, masu iyali da bashi da haya kamar kowa. Kowa da lambarsa a ƙirji ran gasa, amma atisayen watanni a ƙungiya ake yin sa, don mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyin nan shi kaɗai ya haɗa da neman abinci.

Ko manyan ƴan wasan sun nuna haka. A watan Satumba na 2016, a Kozumel ta ƙasar Meksiko, ɗan Ingila Jonny Brownlee yana kan gaba, saura ƙiris ya kai layi, sai zafi ya buge shi ya fara tangaɗi. Wansa Alistair da ke biye ya tsaya, ya rataya hannun ƙanen a kafaɗarsa, ya ja shi har layi, ya tura shi ya shiga gabansa. Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya ci gasar. Har yau hoton wa da ƙanen nan mutane suka fi tunawa.

Wanga hali ba baƙo ba ne gare mu. Mu ne masu gayya: gonar mutum ɗaya, hauyar unguwa duka. Mu ne masu kokawa. Da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauke ta, shi ya sa filin kokawarmu ke ɗauke da sunansa. Amma duk wanda ya san kokawa ya san ɗan kokawa ba ya isa fili shi ɗaya. Akwai abokan gwaji da suka yarda ya kayar da su sau ɗari a ƙauye bayan girbi, akwai mai dama mishi fura, akwai makaɗi, akwai wanda ya riƙe mishi gida da dabbobi yana can. Mutum ɗaya ke ɗaga takobi, hannuwa da yawa suka kai shi.

Haka abin yake ga ƴan gudun asuba. Ku duba yadda yake tafiya. Wanda ya ƙudura zai riƙa gudu shi kaɗai, sati biyu ya yi yawa. Ran da sanyin hunturu ya matsa, ko ya kwana yana lissafin kuɗin cefane, bargo zai ja. Amma in ya san mutum uku na tsaye bakin masallaci suna jiran sa, kunya kaɗai ta isa ta tashe shi. A hanya, mai ƙarfi ya rage gudu ya jira na baya. Wanda tayar kekensa ta fashe tsakanin Maraɗi da Tibiri ba ya turawa shi ɗaya. Wanda ya fara ganin jiri a zafin bazara, lokacin da rana ke wuce digiri 40, akwai mai lura da shi ya zaunar da shi inuwa ya ba shi ruwa.

Daga nan abin ke shiga rayuwa. Mutanen da suka saba ganin juna kullum da asuba su ne na farko da ke gane in wani bai zo ba. Kwana biyu ba a gan ka ba, za a buga maka waya, na uku a zo gida. A nan ake jin ɗanka ne ba lafiya, ko jari ne ya karye, ko kuwa damuwa ce ta hana ka barci. A hanyar dawowa, ana tafiya a hankali ana shan iska, a nan mutum ke faɗin abin da ba zai faɗa a fada ba don kar a mai da shi abin ba'a. A nan ake jin wani gareji na neman yaro, wani shago na neman mai tsaro. Saurayin da zai tashi gudu ƙarfe 5 da rabi ba ya raba dare a fada, kuma mai sayar da tiramol ba ya samun ciniki wurinsa yadda ya so.

Na san abin da wasu za su ce: wanga wasan masu ƙoshi ne, talaka gudun neman abinci ya ishe shi. Akwai gaskiya ciki. Manomin Jiratawa da ya wuni yana ban ruwa a fadama, ko wanda ya ɗoro buhunan zogale bisa keke ya kawo kasuwar Maraɗi da sassafe, ba wanda zai koya mishi motsa jiki. Matar da ta yi daka ta ɗebo ruwa ta yi nata. Amma Maraɗi ta canza. Da yawanmu yanzu daga katifa sai babur, daga babur sai bencin shago, ga shayi mai suga kofi uku, ga lemun kwalba, ga shinkafa da mai dare da rana. Ku leƙa kowace unguwa, Zariya ko Bagalam, Ali Ɗan Tsoho ko Sabon Gari, ku ƙirga gidajen da ke da mai hawan jini, mai ciwon suga, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana da sauran ƙuruciya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babban mutum na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Minti 30 ke nan sau 5. Wanda ya taɓa sayen maganin suga wata bayan wata ya san wanne ya fi arha, takalmin gwanjo ko ordinas ɗin likita. Mai ƙaramin ƙarfi ma shi ya fi bukatar rigakafi, don shi ne in ya kwanta gidan duka ya kwanta.

Maganar mata kuma kar mu tsallake ta. Hawan jini da suga ba su san purda ba. Iyayenmu mata da matanmu da yawa suna fama, kuma ba su da inda za su taka. Ba sai an fito bisa gudron ba. Filin makarantar unguwa da ke da katanga, bayan la'asar ko ran da ba karatu, mata zalla, da suturarsu, ya wadatar. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. To mai gida, in ba za ka raka ta ba, ka ba ta izini ta bi maƙwabtanta.

Saura na ukun, wato iyo, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Keke muna da shi, gudu muna yi, iyo ne muka bar ma ƙaddara. Gulbin Maraɗi rairayi ne a rani, amma in damina ta kankama, ruwa ya taho daga wajen Jibiya, kowa ya san halinsa. Shi ya cinye tsohon gari a 1945 har aka tayar da birni aka hau tudu. Ga tafkin Madarumfa, ga kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika da ruwa a bayan gidajenmu. Yara kuwa ba sa jin "kar ka je". Rahoton OMS na 2024 ya ce kimanin mutum 300,000 ke mutuwa a ruwa kowace shekara a duniya, yara da matasa ne kaso mai yawa, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi shan wahala. Ba sai an kawo muna rahoto ba ma, kowa a nan ya taɓa jin gidan da aka yi wanga rashi. Hani kaɗai bai tsare yaro ba. Abin da ke tsare shi, da ikon Allah, shi ne ya iya riƙe kansa bisa ruwa, ya san ba a shiga ruwa mai gudu, ba a shiga shi kaɗai, kuma in wani ya nutse sanda ko igiya ake miƙa mishi, ba a faɗawa a bi shi. Ruwan kwance ma yana da nasa sharri, don a nan ake kwasar tsargiya. Shi ya sa ake bukatar wuri mai tsabta da babba mai lura. Ƙungiyoyin ƴan gudun nan, tunda sun riga sun saba da haɗuwa da kula da juna, su suka fi dacewa su ɗauki wanga aiki tare da ƴan kwana-kwana da masuntan da suka san ruwa.

To me ya kamata a yi?

Ku ƴan motsa jiki, ku mai da sabo ya zama tsari. Ku yi asusu. Mutum 20, kowa dala 20 a mako, jika 2 ke nan, a shekara jika 104. Ya isa gyaran keke, takalmin wanda ba shi da hali, da kai wanda ya ji ciwo likita ba tare da an yi bara ba. Ku sa doka ɗaya da ba a takawa: ba a baro kowa a baya. Sabon zuwa a fara da shi da tafiya. Mai shekaru ko mai ƙiba ya fara auna jini kafin ya ce zai yi tsere da ɗan shekara 20. A bazara a fita da wuri a ɗauki ruwa, da azumi a rage ko a mai da shi bayan buɗa baki. Hanyar daji kuma, da halin tsaron da ake ciki wajen iyaka, a bi ta da rana, a bi ta da yawa.

Ku direbobi da ƴan kabu-kabu, mai gudu a gefen gudron ɗan wani ne, uban wasu ne. Hanyar Tibiri ita ce manyan motocin Yamai ke bi, ga duhun asuba, ga ƙurar hunturu. Rage wuta na minti ɗaya ba ya hana kowa kai fasinja. Su ma masu gudun su sa riga mai haske, su fuskanci motar da ke tahowa, su bar jeruwa uku-uku bisa hanya.

Ku hukumomin gari, an yi muna gudron da fitilu lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, mun gode. Abin da ya rage ba mai tsada ba ne: a ware titi ɗaya ran Lahadi daga asuba zuwa ƙarfe 8 ba mota, a bar filayen wasa a buɗe, a daina yanka filayen unguwa ana sayarwa, a cike ramukan da ke cin yara. In kuwa za a yi babban aiki, wurin koyon iyo na jama'a ya cancanci shiga lissafi.

Ku alhazan birni, an san ku da gina masallaci da rijiya, Allah ya saka. Ku ƙara da wannan. Kekuna goma da akwatin magani ga ƙungiyar unguwa ba su kai kuɗin liyafar biki ɗaya ba.

Kuma kar wanda ya raina mai zuwa na ƙarshe. A wasannin Landan na 2012, ɗan Nijar Hamadu Jibo Isaka, mai aikin lambu, ya shiga tseren kwale-kwale bayan atisayen wata 3 kacal. Shi ya zo ƙarshe, da tazara mai yawa, amma bai ajiye matuƙi ba sai da ya kai layi, jama'a na tsaye suna yi mishi tafi. Shekara 4 bayan haka Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo muna azurfa daga Riyo. Ƙasar da ke son irin su Alfaga sai ta fara girmama mai ƙoƙari tun yana na baya.

Gobe da asuba in kun gamu da su a hanya, ku ce musu sannu da ƙoƙari. Wanda ya ji zai iya, ya nemi maƙwabcinsa su fita tare, ko da tafiya ce daga ƙofar gida zuwa bakin gulbi a dawo.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya tsare muna ƴaƴanmu, ya bar zumunci. Wassalam.