Kuɗin Datar Sojojin Baka Ya Isa A Koya Wa Yaran Zango Tantance Labari

'Yan uwa magoya baya, mutumin ƙasar Daura ba ya buƙatar dogon bayani kan sharrin labarin ƙarya. A 2018 aka baza cewa Buhari ya rasu, wai wanda ke mulki wani Jubril ne daga Sudan. Nnamdi Kanu ya yayata, wayoyi suka ɗauka, har sai da marigayin ya tsaya a ƙasar Poland cikin Disamba ya ce shi ne da kansa. Mutumin da danginsa ke nan Daura fa! Amma a teburin mai shayi sai ka ga matashi yana zuƙo hoton kunnensa, wai shi mai bincike.

Kafin nan, a 2014 lokacin Ebola, saƙo ɗaya ya sa mutane wanka da ruwan gishiri da asuba, wasu suka sha, har aka rasa rayuka.

To me manyanmu suke kawowa a matsayin magani? Ko a kama yaro, ko a raba wa sojojin baka kuɗin data su je su rama. Duka an gwada. Ƙudirin Sanata Mohammed Sani Musa na 2019 kan kafofin sada zumunta bai zama doka ba. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yara suka sauke VPN suka ci gaba da harkarsu. Balle ma ƙaryar da ke cin mu a Zango ba a can take ba. Saƙon murya ne a WhatsApp da bidiyon TikTok, da Hausa tsantsa, yana tsallaka iyakarmu da Nijar babu mai tambayarsa takarda. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sau nawa aka turo mana tsohon bidiyon sojoji aka ce ga yaƙi nan tafe? Wa za ka kama?

Aji ne wurin wannan yaƙin. Darasin ilimin zama ɗan ƙasa yana cikin jadawalin sakandare tuni. A ware masa awa ɗaya a mako: wa ya fara faɗar labarin, yaushe, me zai samu in na yarda? A nuna wa yaro yadda zai sa hoto a Google Lens ya gano asalinsa, da yadda zai leƙa Dubawa ko Alkalanci kafin ya tura. Malaman Islamiyya kuwa ba baƙonsu ba ne, bin isnadi suke koyarwa, ga aya ta 6 a Suratul Hujurat. Najeriya ta karɓi makon UNESCO na wannan ilimi a Abuja a Oktoban 2022, amma ɗan ajin Yardaje ko Rogogo me ya gani a ciki?

Na san abin da wasunmu ke tsoro, sai dai ba sa faɗa a fili: in yaro ya iya tambaya, mu zai fara tambaya. Eh, zai tambaya. In rijiyar burtsatsen da muka wallafa hotonta tana ba da ruwa, meye abin fargaba?

Ranka ya daɗe shugaban ƙaramar hukuma, da kansilolinmu: a zauna da shugabannin makarantu, a gayyato ɗaliban Kwalejin Yusuf Bala Usman da na kwalejin fasaha ta tarayya da ke Daura su taya malamai, a fara da makarantu biyu a zangon karatu mai zuwa.